Wai "Oganik" Ɗin Nan, A Wace Gona Aka Noma Shi?

Na daɗe ina haɗiye maganar nan, saboda na san in na fito da ita akwai ƙawayen da za su daina gaishe ni, akwai ma 'yan uwana na jini a cikin masu sana'ar. To amma jiya da yamma tura ta kai bango.

Ƙanwata da za a ɗaura wa aure bayan Sallah ce ta shigo min da baƙar leda, ta zazzage robobi biyar a kan tabarma tana murna, wai "Yaya, kayan gyaran amarya ne, oganik ne zalla, babu kemikal ko ɗigo." Na ɗauki roba ɗaya na juya, na sake juyawa. Ba sunan wanda ya haɗa, ba adireshi, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, ba jerin abin da ke ciki. Sai 'yar takarda mai hoton ganye da aka manna, da alƙawarin haske cikin kwana 7. Na buɗe na sansana. Wallahi sai da gabana ya faɗi, domin na san ƙamshin nan. Shekara biyu da suka wuce shi ne ƙamshin ɗakina.

Don haka ba labarin wata zan ba ku ba, nawa ne, kuma ba daɗin faɗa yake min ba.

Bayan na haifi ɗana na uku, fuskata ta yi wani duhu-duhu a kumatu da goshi, irin wanda ciki ke bar wa mace. Ga hunturu ya shigo, fata ta yi furu-furu. Ni asalina wankan tarwaɗa ce mai duhu, irin ta gidanmu, kuma ban taɓa sha'awar bilicin ba. Ina ma cikin masu yi wa masu yi dariya, mu ce fuska Fanta ƙafa Kok. Da wata ta tare ni ta ce in sayi man bilicin, da ta ji babu daɗi. Amma ai ba haka aka ce min ba. Cewa aka yi, "Anti, wannan ba bilicin ba ne, launinki na asali kawai zai fito miki da shi. Karas ne da kurkur da zuma da madarar akuya." To wa ke tsoron karas? Na kwashi adashina na tura N35,000, direban motar Kano ya kawo min saƙo: sabulu, man rana, man dare, wani mai kamar ruwa, da na goge gwiwa da yatsu.

Gaskiya ɗaya ce, ya yi aiki. Kwana 10 fuskata ta washe, duhun ya tafi, fata ta yi sumul kamar ta jariri. Na je suna a Kunya, mata sai tambaya suke, "Maman yara, me kike shafawa haka?" Ni kuwa ina ta raba lambar waya kamar goron ɗaurin aure. Mata uku na sani da suka saya ta dalilina, kuma wannan ne abin da har yau yake ci min rai fiye da tabon fuskata.

Wata uku ina shafawa. A wata na huɗu kuɗi suka yanke, na ce bari in ɗan huta. Kwana biyar da dainawa fuskata ta ɗau zafi kamar an watsa min barkono. Ƙuraje ƙanana suka feso tun daga goshi har haɓa. In na fita tsakar gida shanya, rana ta taɓa ni, sai in ji kamar na leƙa murhu. Duhun da na gudu ya dawo, ya zo da ƙannensa. Na lura gaɓoɓin yatsuna sun yi baƙi ƙirin, ga nankarwa ja-ja masu faɗi a damtsena da cinyoyina, inda ko ciki uku bai sa min ba. Na kira mai kayan. Ta ce, "Ai Anti dattin jikinki ne yake fita, ki ƙara sayen wani ki ci gaba, kada ki tsaya." Da na matsa mata da tambayar abin da ta zuba a ciki, sai ta ce sirrin sana'a ne. Da na ƙara matsawa, sai na nemi lambarta na rasa.

Abban yara ne ya gaji da ganina ina kuka da daddare, ya sa ni a mota sai asibitin fata na Bela. Likitan ya dubi fuskata, ya dubi hannuna, ya ce, "Hajiya, wane mai kike shafawa?" Na ce ni ba na bilicin, oganik nake amfani da shi. Ya yi murmushin da ban so ba, ya ce kusan duk mai zuwa da irin fatar nan haka take cewa. Ya ce alamun da ke jikina na sitiroyid ne mai ƙarfi, kuma karas bai taɓa yi wa kowa haka ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ni da ke zagin masu bilicin, ashe wata uku ina yi da kuɗin adashina ban sani ba.

Yanzu mu tsaya mu yi wa kalmar nan tambaya. Mu nan Minjibir ba za a koya mana oganik ba, sunan ne kawai baƙo. Ƙasarmu gona na jikin gona, ba a barin saura, shekara da shekaru ana nomawa ba hutu. Me ya riƙe ta? Taki. Kashin awaki da tumaki, toka, sharar gida, har kakanninmu kan kora jakuna zuwa birni su ɗebo juji a mangala su kawo gona. To abin da Turawa ke nufi da oganik ke nan: amfanin gonar da aka noma babu takin zamani, babu feshin maganin ƙwari ko na ciyawa. Kalmar noma ce. Kuma a ƙasashensu ba da fatar baki ake faɗa ba. Akwai masu zuwa gona su duba, su bi kayan har inda ake sarrafa su, sannan a ba da shaida a buga a jikin kaya. A Amurka ma'aikatar gona ce da kanta ke da wannan hatimin.

To don Allah, farin man nan mai santsi da ƙamshin turare da ke cikin roba, a wace gona aka noma shi? Wa ya duba? Wa ya ba da shaida? Hoton ganye ne shaidar? Ai ko ni in na je wurin mai buga takardu da N2,000 zai buga min ganye ɗari.

Kuma a bar batun shaida, a yi amfani da hankali. Da karas na sa fari, da masu lambun bakin Jakara sun zama Larabawa. Da kurkur na sa fari, da mutanen kudancin Indiya da ke cin sa safe da yamma babu baƙi ko ɗaya a cikinsu. Launin fata wani sinadari ne da jiki ke yi da kansa, ana ce masa melanin, kuma shi ne laimar da Allah Ya sa tsakaninmu da rana, mu da ke ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a bazara. Fatar mutum kusan wata guda take ɗauka kafin ta sabunta. Duk abin da zai sauya miki launi cikin kwana 7, to ba abinci yake ba fatar ba, hana ta aikinta yake yi da ƙarfin tsiya.

Abubuwa uku ne aka fi samu a irin waɗannan haɗe-haɗe, kuma ya kamata kowace mace ta san sunansu kamar yadda ta san sunan kayan miya.

Na farko sitiroyid, irin su kulobetasol. Magani ne na gaske, likita kan rubuta shi ga mai ciwon fata mai tsanani, a shafa kaɗan a wurin ciwon na 'yan kwanaki a daina. Yana tsuke jijiyoyin jini na fata, yana kwantar da ƙuraje, shi ya sa a farko za ki ga kin yi haske kin yi sumul. In aka daɗe ana shafawa sai fata ta yi siriri har a riƙa ganin jijiyoyi kore-kore, nankarwa ta tsage, gashi ya fito a fuska, makero da ƙyasbi su samu wurin zama domin garkuwar fatar ta karye. In an shafe jiki duka da shi wata da watanni yana shiga jini, ya iya jawo hawan jini da ciwon suga. Kuma ranar da kika daina fata za ta yi bore, ki koma ki saya dole. Wannan ba ciniki ba ne, ɗaure mutum ne.

Na biyu haidirokwinon. Shi yana hana jiki yin melanin ɗin ne kai tsaye. In ya yi yawa kuma aka daɗe, sai ya juya ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da gefen ido, wanda yake da wuyar magani ƙwarai. Duk kun san fuskokin, kuna ganinsu a gidan biki an lafta musu hoda. Garin neman gira an rasa ido.

Na uku zaiba, wadda likitoci ke kira makyuri. Ita ce ta fi ban tsoro domin ba a fata take tsayawa ba. Tana lalata ƙoda, tana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, tana ratsawa ta kai ga ɗan da ke ciki, tana fita a ruwan nono. Har wanda bai shafa ba tana iya samunsa ta tawul da zanin gado. Ni fa shayarwa nake yi a lokacin da nake shafa nawa. Duk sanda na tuna sai jikina ya yi sanyi. Akwai wani gari a Japan, Minamata, inda aka gano wata cuta a 1956, daga baya aka gane cewa zaibar da masana'anta ke zubarwa a ruwa ce ke nakasa mutane tana kashe su. Da sunan garin aka yi yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, kuma Najeriya na cikinta. Abin da duniya ta taru don ta kawar, shi ake iya dama mana a roba a ce madarar akuya ce.

Wata baiwar Allah da ta taɓa sana'ar ta bari ta faɗa min yadda ake yi, ba kunya ba ɓoye-ɓoye. A sayo farin mai a bokiti daga kasuwar birni. A sayo matsattsun man kemis dozin-dozin a matse a ciki. A zuba wasu ruwaye na ƙananan kwalabe da ita kanta ba ta san sunan abin da ke cikinsu ba, lamba kawai ake kiransu da ita. A ɗiga kala ruwan lemo don a ce karas, a barbaɗa kurkur kaɗan don ido ya gani, a sa turare, a juya da muciya. Ba awo, ba sikeli. Ta ce in mai saye ta ce tana son sakamako da wuri, sai a ƙara mata matsi biyu. A sati biyu ta koyi sana'ar ta waya, aka turo mata takardar shaida ita ma ta waya.

Kada wani ya ce matsalar 'yan birni ce. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 2011 sun ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan sa hasken fata, kuma babu ƙasar da ta kai mu a Afirka. A 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Dokar hukumar ta hana zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya, ta kuma taƙaita haidirokwinon ga kashi 2 cikin 100. Doka na nan a takarda. Amma dokar tana bin kanti ne da kwantena, su kuwa kayan nan a ɗakin kwana ake haɗa su, a tallata su a WhatsApp da TikTok da Instagram, a ba direba ya kawo har ƙofar gida. Yau yarinyar da ke Kantama ko Wasai, wadda ba ta taɓa taka kasuwar Sabon Gari ba, waya ɗaya ce tsakaninta da su.

Abin ma ya wuce manya. A 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a nan Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan mai har fatarsu ta ƙone ta yi tabo. Da aka tambaye ta dalili, ta ce ta ga mahaifiyarta ta fi son jikokinta farare, 'ya'yan 'yar uwarta, a kan nata. Mutane suka yi ta tsine mata. Ni ban iya tsine mata ba. Na tsaya ne ina tunanin kakar, da duk irinta da ke gidajenmu.

Domin maganar gaskiya, masu haɗawa kasuwa suka gani, mu muka buɗe musu ita. Mu ne za a haifi jaririya, kafin a tambayi lafiyar uwa sai a duba kunnen yarinya a ce "wayyo, wannan baƙa za ta yi." Mu ne muke cewa farar mace alkyabbar mata. Ku kuma maza, kada ku noƙe kuna karantawa kuna dariya. Ku ne masu cewa fara ko mayya ce. Ku ne za ku zauna a majalisa kuna zagin masu bilicin, in an tashi neman aure ku aika a duba muku fara. Ka auro yarinya da launinta, ka wuni kana kallon 'yan fim da aka wanke da filta kana yaba su a gabanta, ranar da ta ƙone fuska kuma kai ne na farko da za ka ce ta tsufa, ka fara neman ta biyu. Uwar miji ta ce a kai amarya gyaran jiki "ta ɗan yi haske kada a raina mu." Wa ya raina ku? Wane dangi ne aka taɓa ɗaukaka da launin surukarsu?

Na san abin da za a ce min, domin an riga an faɗa min a gida.

Za a ce sana'a ce, mata na rufa wa kansu asiri, kada in toshe musu hanyar abinci. Wallahi ina son mace ta nemi na kanta, ni ma ina 'yar sana'ata. Amma mai sayar da man gyaɗa in ta zuba masa wani abu ta ce zalla ne, sunan wannan algus, kuma babu malamin da zai halatta mata. Yaya za a yi algus a abin miya ya zama haramun, algus a abin da zai shiga jinin mai shayarwa ya zama "neman na kai"? In kin san kin zuba man kemis, ki rubuta a jiki, mai so ta saya da saninta. Ɓoyewar ita ce cutar.

Za a ce ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Haka ne. Akwai mata masu tsoron Allah da ke yin sabulu da man kaɗanya tsakani da Allah, wasu har sun yi wahala sun yi rajista. Su ne ma ya kamata su fi kowa fushi, domin sunansu ake ɓatawa. Kuma gane su ba wuya: ba sa yi miki alƙawarin fari. Duk wadda ta haɗa kalmar oganik da kalmar fari a talla ɗaya, to ɗaya daga ciki ƙarya ce.

Za a ce "ai ni shekara uku ina shafawa ban ga komai ba." 'Yar uwa, gwada dainawa na sati biyu, sannan ki zo mu yi magana. Ƙoda kuma ba ta aiko da saƙo sai ta kusa gamawa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, na gaskiyar yana gabanmu muna raina shi. Kakata har ta rasu ba ta san wani mai ba sai man kaɗanya da man shanu, ba ta san wani sabulu ba sai na salo da ake yi da toka da mai. Lallenta na bayan gida ne, a tsinko a daka. Asuwakinta itace. Ta haura tamanin fatarta baƙa mai sheƙi, babu tabo. Mu muka ce man kaɗanya wari, na 'yan ƙauye ne. To ku ji. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaron kaɗanya waje na wata 6, kuma dalilin da ta bayar shi ne Najeriya ce ke samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya, amma rabonta a kasuwar da ta kai dala biliyan 6.5 bai kai kashi 1 ba. Matan karkara a Neja da Kwara da Kebbi ke tsintowa, a kwashe a kai Turai, a sa a cakulan da man shafawa masu tsada. Baturiya na biyan kuɗi mai yawa don ta shafa abin da kakata ke shafawa, ni jikarta na ba da adashina an ba ni guba mai hoton ganye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Tun da likita ya raba ni da wancan, a hankali ba dare ɗaya ba, na koma gwada na gida ɗaya bayan ɗaya, kuma zan faɗa muku abin da na gani ba ƙari. Man kaɗanya ya yi min maganin bushewa da faso, ya kwantar min da fatar jiki a hunturu, amma a fuska in na cika shi yana sa min ƙuraje, sai kaɗan. Sabulun salo yana wanke jiki tas, amma yana da kaifi, in na yi wanka da shi kullum fata na bushewa, ban kuma barin kumfarsa ta daɗe a fuska. Dilka da halawa, waɗanda muka aro daga Sudan ta hannun 'yan uwanmu na Barno, suna sa laushi da santsi in an yi su da tsabta ba a cuɗa musu komai ba. Kurkur rina fata yake yi rawaya na kwana biyu ya wanke, ba haske ba ne. Babu ɗaya a cikinsu da ya sa ni fari, kuma babu wanda zai sa. Aikinsu su bar ki da launinki cikin lafiya. Duhun kumatuna kuwa, abin da ya taimaka masa shi ne maganin likita da man kariya daga rana, na kamfani mai lamba, da rage shiga rana tsaka.

Na faɗi wannan ne da gangan, domin kada a fita daga wani rami a faɗa wani. Ba duk abin da ya fito daga ƙasa ne lafiya ba, ba kuma duk na kamfani ne guba ba. Tumfafiya ma ai oganik ce, ba wanda ya taɓa zuba mata takin zamani, amma ɗiga nononta a ido ki gani. Zaƙami ganye ne. Lemon tsami da ake cewa a goga a fuska, in kika shiga rana da shi ƙona ki zai yi. Haɗin da aka dama da ruwa ko madara aka rufe a roba babu abin hana ruɓewa, cikin zafin nan namu kwana nawa zai yi bai zama gidan ƙwayoyin cuta ba?

Har kwallinmu na gado sai an yi hattara. Kwallin dutse yawanci dalma ce a cikinsa. A 2011 a birnin Boston na Amurka an samu jaririn wasu 'yan Najeriya da dalma a jininsa, da aka bincika sai aka gano daga kwallin da ake sa masa ne, aka auna kwallin aka samu sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, bai kamata a ce muna ɗura ta a idon jarirai don ado ba. Haka baƙin lallen da ake yi wa amare. Lalle na gaskiya ja yake kamawa. Baƙin nan rinin gashi ake haɗawa da shi, mai wani sinadari da ake kira PPD, kuma shi ne ke sa hannun wasu ya kumbura ya yi ƙuna ya bi zanen fulawar ya zama tabo. Amare nawa muka gani da hannu a kumbure ranar kai su?

Saboda haka ni yanzu ba na tambayar "na gargajiya ne ko na Bature?" Tambayata ita ce: mene ne a ciki, wa ya haɗa, ina zan same shi in abu ya faru? In an ce sirri ne, kuɗina ma sirri ne. In akwai lambar NAFDAC, a duba ta, domin ita ma ana buga ta ƙarya. In abu sabo ne, ki shafa kaɗan a cikin damtse ki jira kwana biyu kafin ki kai shi fuska. In an ce kada ki shiga rana, kada ki tsaya kusa da murhu, kada ki daina, to an riga an faɗa miki abin da ke ciki. Mai ciki da mai shayarwa da yara kuwa, don girman Allah a bar su da man kaɗanya. Wadda kuma ta riga ta yi nisa, kada ta yanke dare ɗaya ta zauna tana wahala a ɗaki don kunya. Ki je asibiti ki ɗauki robar ki tafi da ita, ki faɗi gaskiya. Ni na je, ba a kashe ni ba.

Ina roƙon masu unguwanni da limamai da malaman Islamiyya da ma'aikatan asibitocinmu na karkara su sa maganar nan a bakinsu. Ranar awo da ranar rigakafi mata cike suke a asibiti, minti biyar ya isa a nuna musu. Hukuma kuma ta sani, masu tallan nan ba ɓoye suke ba, da fuskarsu da lambarsu suke talla.

Ga matan nan uku da suka saya ta dalilina, na je na ba biyu haƙuri ido da ido. Ta ukun ta yi aure nesa, in tana karanta wannan ta yafe min.

Ita kuwa ƙanwata, robobinta biyar na nan a ƙarƙashin gadona. Ta yi kuka, ta ce ƙannen ango sun ce duk matan gidansu farare ne, ta ce ni na yi nawa yayin na ƙare shi ne zan hana ta. Na kamo hannunta na ɗora a kan damtsena ta taɓa nankarwar da har yau ba ta tafi ba. Na ce zan biya ta kuɗinta, zan kuma kai ta a yi mata dilka da jan lalle a gabana. Inna ta goyi bayana. Tun jiya dai ba ta gaishe ni ba, kuma na san wayarta na hannunta, mai kayan ma na nan. Shi yaron da zai aure ta a haka ya gan ta ya ce yana so, na sa Abban yara ya same shi su yi magana ta maza, ya faɗa mata hakan da bakinsa.

Wanda ya ji haushi ya yi haƙuri, ban kama sunan kowa ba. Wanda yake da ƙanwa ko 'ya ko mata, yau in ya koma gida ya ɗauki robar da ke gaban madubi ya juya bayanta ya karanta. In bai ga komai a rubuce ba, to ya fara tambaya.

Allah Ya tsare mana lafiyarmu da ta 'ya'yanmu, Ya ba masu neman halak kasuwa mai albarka. Amin.